Binuwai Daga Cikin Kwale-kwale



Babu ɗan Garwa da zai ce bai san Binuwai ba. A kan gadarsa muke bi in za mu Ngaundere, kifinsa muke saye a kasuwa, da yashinsa aka buga bulon da muka gina ɗakunanmu, wutar lantarkin da ke haskaka gidajenmu kuma daga ruwansa ake samo ta a Lagdo. Sai dai sanin ido daban yake da sanin jiki. Idan aka tara yaran unguwa ɗaya, a Yelwa ko a Rumde Ajiya, aka tambaye su wane ne ya taɓa zama cikin kwale-kwale har aka tuƙa shi zuwa tsakiyar ruwa, waɗanda za su ɗaga hannu ba su da yawa. Sun haddace sunayen Sanaga da Wuri da Logon saboda jarrabawar lakwal, amma ba su san ta wace kusurwa Mayo Kebi ke shigowa Binuwai ba, alhali ga shi nan gabas da gari.

Wannan ne ya sa mu, wasu 'yan gidaje na maƙwabta da dangi, muka ɗauki al'adar fita da iyalanmu kan ruwa sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Lokacin sanyi muke zaɓa, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, bayan kogi ya koma makwancinsa kuma kafin zafin Maris da Afrilu ya sauko. Ba mu da jirgin kanmu. Masunta muke nema, mu yi ciniki da su, su ɗauke mu a jiragen da ake turawa da gwangwala ko a tuƙa da filafili, waɗanda ba su da inji. Abin da muke so mu gaya wa masu karatu shi ne dalilin da ya sa muka nace wa wannan fita, da abin da muka gano a cikinta, da sharuɗɗan da muka gindaya wa kanmu, domin maganar ruwa magana ce ta rai.

Da muka fara kawo shawarar, iyayenmu mata ne suka tsaya kai da fata. Wata goggonmu ta dubi babban cikinmu ta ce, "Alhaji, yaran da muka raina da ƙyar za ka kwasa ka kai wa ruwa? Me aka rasa a tudu?" Ba mu ga laifinta ba, domin tsoronta yana da tushe. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai a jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya da ke kan hanyar zuwa maulidi. A watan Yuni 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a kogin Kwara, a yankin Patigi, suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk uwar da ta ji irin waɗannan labarai a rediyo, in ta ce ɗanta ba zai taka jirgi ba, ƙauna ce ta sa ta faɗa.

Amma da muka zauna muka yi nazarin irin waɗannan haɗurra, sai muka ga dalilan da ake ambatawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina: an loda wa jirgi fiye da ƙarfinsa, an tashi da almuru ko cikin dare, babu rigar kariya ko ɗaya, fasinjoji ba su iya iyo ba, kuma da jirgi ya ɗan karkata sai kowa ya miƙe a firgice ya ƙarasa kifar da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyarmu ta Afirka ce ke kan gaba. Muka tambayi kanmu: yaron da aka haifa a bakin kogi, zai ƙare rayuwarsa bai haɗu da ruwa ba? Wata rana za a gayyace shi ɗaurin aure a ƙetare. Wata rana fatauci zai kai shi Yola ta jirgi. Kafin nan ma, ranar da zafi ya tsananta, abokansa za su ja shi wanka a ɓoye, ba wanda ya sani a gida. Tun da haɗuwar ba makawa, mun gwammace ta fara faruwa da rana tsaka, uban yaro na zaune a gefensa, dattijon da ya shekara arba'in a kan ruwa na riƙe da gwangwala. Rashin sani ya fi dare duhu. Da wannan hujja muka shawo kan goggo, bisa sharaɗin cewa da ita za a je ta gani da idonta.

A nan gida muka fara, a Binuwai, ƙasa da gada kaɗan. Wanda ya saba kallon kogin daga sama zai yi mamakin yadda yake sauya kama in an sauko daidai fuskarsa. Gaɓar da ake gani kamar layi daga mota sai ta zama bango mai tsawo, cike da ramukan tsuntsaye. Da rani ruwan kan rabu gida-gida tsakanin tuddan yashi, a wani wuri bai kai gwiwa ba, taku kaɗan gaba kuma ya shanye mutum da hannunsa a ɗage. A da da gungumen maɗaci ake sassaƙa jirgi. Yanzu manyan itatuwa sun yi wuya, don haka yawancin jiragen na katako ne da aka haɗa da ƙusa, aka toshe kafofinsu da tsumma da kwalta. Kowane jirgi yana ɗan tsatsar ruwa, shi ya sa ba a rasa ƙwarya ko yankakken galan a cikinsa. Aikin kwarfe ruwa shi ne na farko da matuƙi ya danƙa wa yaranmu, suka kuwa riƙa rububinsa.

Matuƙin namu dattijo ne, daga zuriyar masuntan Hausawa da suka biyo Binuwai tun kakanni. Kafin kowa ya shiga sai da ya tsayar da mu a kan yashi ya yi mana bita. Ɗaya bayan ɗaya ake shiga, a taka tsakiyar jirgi, a zauna ƙasa. Ba a miƙewa, ba a sauya wuri, ba a leƙawa gefe ɗaya gaba ɗaya ko da an ga abin mamaki. Ya dubi manyanmu ya ce, "Malam, a tudu ku ne iyayen gida. A cikin jirgi kuwa magana ɗaya ce, tawa." Muka ce mun ji mun yarda. Yaranmu sun ga iyayensu maza, masu shaguna da ma'aikatan ofis, suna bin umarnin mutumin da ba shi da takalmi a ƙafa, domin ya san abin da ba su sani ba. Wannan kaɗai ya isa a fita dominsa.

A inda ruwa ba zurfi yana tsaye a bayan jirgi, ya kafa gwangwala a ƙasa ya tura. Da gwangwala ta daina taɓa ƙasa sai ya zauna ya ɗauki filafili. Wani yaronmu ya tambaye shi, "Baba, yaya kake sanin inda ke da zurfi alhali ba ka gani?" Ya ce, "Ina gani mana, jikana. Dubi can inda ruwa ya yi duhu ya kwanta sumul, rami ne. Dubi nan inda yake yamutsewa kamar fatar tsoho, yashi ne a ƙasa. Inda kuma ka ga yana juyawa a wuri ɗaya, kututture ne ko dutse, sai ka ba shi hanya." Ya nuna mana cewa mai ƙetare kogi ba ya miƙa kan jirgi zuwa inda yake son sauka. Sama da wurin yake nufa, ruwa ya ɗan sauko da shi. Ya bar manyan yara suka gwada filafili, jirgi ya yi ta zagaye a wuri ɗaya ana dariya, har suka gane cewa da kafaɗa da ƙugu ake tuƙi, kuma ƙarshen kowane ja sai an ɗan murɗa filafili kafin jirgi ya miƙe.

Abin da ya sa muka ƙi jirgi mai inji shi ne, inji yana kai mutum da wuri amma yana toshe masa kunne. A jirgin filafili muna jin duka: bugun wanki a kan dutse, kiran makiyayi da ya kawo shanu mashaya, hirar masu lambun albasa da tumatir da Fulatanci da Hausa, da numfashin masu haƙar yashi da ke nutsewa da bokiti su cika jirgi har bakinsa ya kusa shafar ruwa. Zalɓe ba ya tashi sai an zo dab da shi. Kirinjijiya na wucewa a sama garke-garke da yamma. Wata 'yarmu da ta ga masu yashin nan ta yi shiru, can ta ce ashe haka ake samo abin da tifa ke juyewa a ƙofar gida. Tun daga ranar ba ta ƙara kallon tulin yashi kamar abin banza ba.

Da muka zo daidai tsohuwar tashar jiragen ruwa, dattijon ya ajiye gwangwala ya ba yara labarin abin da ya gani yana ƙarami, mu kuma muka cika musu da abin da muka karanta. Binuwai yana tasowa ne daga tuddan Adamawa, arewa da Ngaundere, ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,400 kafin ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Saboda haka Garwa tana da hanyar ruwa har teku. A zamanin Turawa da shekarun farko na 'yancin kai, idan kogi ya cika a tsakiyar damina, manyan jirage kan hauro daga bakin teku a Nijeriya ɗauke da gishiri da siminti da man fetur, su koma da auduga da gyaɗa, duk a cikin 'yan makonni kafin ruwa ya janye. Yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zirga-zirga, sa'an nan layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, kaya suka koma bin jirgin ƙasa da manyan motoci. Yau yashi ya cinye mashigar, sai ƙananan jirage masu inji da ke kai da kawowa tsakaninmu da Yola. Mun kuma gaya musu cewa a ranar 18 ga Yuni 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya iso Binuwai a inda Faro ke shiga cikinsa, yamma da Garwa, kuma a kwale-kwale irin wannan aka ƙetarar da shi a hanyarsa ta zuwa Yola. Mutum ya taso daga Turai ya sha wuyar hamada domin ya ga wannan ruwa, mu kuwa muna kwana muna tashi a gefensa.

Bayan yara sun saba da zaman jirgi sai muka ɗaga zuwa Lagdo, kimanin kilomita 50 kudu maso gabas da Garwa. 'Yan ƙasar Sin ne suka gina madatsar tsakanin 1977 da 1982, a wani matsatsi tsakanin duwatsu biyu. Tafkin da ya taru a bayanta ya kusa murabba'in kilomita 600, injinanta huɗu kuma an yi su ne don su ba da megawat 72 na lantarki. A takarda waɗannan lambobi ne kawai. A cikin kwale-kwale kuwa, in aka bar gaɓa aka duba gaba ba a hango ƙarshen ruwa ba, sai jikin mutum ya yi sanyi. Goggonmu da ta rantse ba za ta shiga ba, ita ce ta zauna a tsakiya da carbinta, ba ta ce uffan ba sai da muka sauka a tsibiri.

Tuƙin tafki dabam yake da na kogi. A kogi gudun ruwa ake lura da shi, a tafki kuwa iska ce abin tsoro. Da safe Lagdo kan kwanta kamar faranti, amma da rana ta take sai iska ta taso, igiyar ruwa ta fara dukan gefen jirgi. Masuntan wurin sun ce mana ƙaramin jirgi ba ya ba igiya gefensa, kansa yake ba ta. Ba sa kuma yanke tsakiyar tafki da iyali a ciki, gefe-gefe suke bi ko da tafiyar za ta ninka. Akwai wani haɗarin da baƙo ba zai sani ba: dajin da ruwa ya shanye a lokacin da aka rufe madatsar yana nan a ƙasa, kututturan itatuwa na tsaye, wasu kansu a waje, wasu a ɓoye ƙarƙashin ruwa da ɗan taƙi. A ranakun hazo kuma gaɓa kan ɓace wa ido gaba ɗaya. Saboda haka da hantsi muke tashi, kafin azahar mun dawo tudu.

Mun je tsibirin duwatsu da ake kira Île aux Damans, wato tsibirin remaye, inda waɗannan 'yan dabbobi ke shan hantsi a kan fā, su ruga cikin kogo da sun ji motsi. Mun kuma sauka a wani tsibirin na masunta da ake wa laƙabi da Madagaskar. A nan ne yaranmu suka ga yadda tafki ɗaya ya tara al'ummu. Tun da ruwan ya taru, musamman a shekarun farin 1980, masunta suka yi ta zuwa: Musgum da Kotoko da Masa daga yankin Logon, Hausawa da Jukunawa daga Nijeriya, wasu daga Cadi, wasu har daga Mali. Kowa da irin jirginsa da irin tarkonsa, mai birgi da mai taru da mai mamari da mai gura. Mata na banda a kan tanda, hayaƙi na tashi. Yaran da ba su san kifi ba sai a miya suka koyi rarrabe giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da bargi da ƙurungu mai ƙaya.

Sai dai hirar dattawan tsibirin ba ta daɗi ba ce duka. Sun ce a shekarun farko mutum kan cika jirgi kafin hantsi, giwan ruwa kuma sai mutum biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yanzu masunta sun yi yawa, idon raga ya ƙanƙance har yana kwashe 'ya'yan kifi, manyan kuwa sai an dace. Wannan ne ya sa hukuma ke rufe kamun kifi a tafkin daga Yuli zuwa Satumba domin kifi ya hayayyafa, ko da yake mai iyali da ba shi da wata sana'a yana jin watannin nan a tukunyarsa. Sun nuna mana inda ƙasa ta cike bakin tafki, laka da yashin da ruwan sama ke kwasowa daga gonakin da aka sare wa itatuwa. Duk abin da laka ta ci, wurin ruwa ne ya ragu, kuma in ruwa ya ja baya a ƙarshen rani, mu ne muke kwana cikin duhu a Garwa. Wani yaronmu da ya saba zagin wuta in an ɗauke ta ya ce yanzu ya ga inda take kwana.

Madatsar tana da wata fuskar da ya kamata yara su sani. Kafin a gina ta, ambaliyar kowace shekara ita ke jiƙa fadamun Binuwai, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye. Da aka tare kogin, ambaliyar ta ragu, noman masakwa ya ja baya a wurare da dama. A shekarun da ruwan sama ya yi yawa kuma, dole a buɗe ƙofofi don kada madatsar ta karye, ruwan ya gangara kan 'yan'uwanmu na Adamawa da Taraba da Binuwai da Kogi a Nijeriya, ya haɗu da na sauran kogunan da ke cike. Haka ya faru a 2012 da 2022, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki. An daɗe ana maganar gina wata madatsa a Dasin Hausa, a jihar Adamawa, da za ta tare wannan ruwa, amma har yau ba a kammala ta ba. Da yawa cikinmu muna da dangi a Yola da Numan. Muka ce wa yara, ruwan da kuke taɓawa da hannu yanzu, bayan 'yan kwanaki zai wuce ta bayan gidan kawunku.

Tafiya ta uku ita ce wadda ba mu shiga jirgi ba. Kudu da Lagdo, tsakanin Garwa da Ngaundere, akwai gandun dajin Binuwai, wanda aka keɓe tun 1932, aka mayar da shi gandun ƙasa a 1968, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren da take kulawa da su a 1981. Faɗinsa murabba'in kilomita 1,800 ne, kogin kuma shi ne iyakarsa ta gabas. Mun sauka a sansanin Buffle Noir, yara na ɗokin su nuna gwanintar filafili. Jagoran da aka haɗa mu da shi ya kai mu bakin wani gurbi tsakanin duwatsu, ya ce mu zauna mu yi shiru. Ba a jima ba sai kunnuwa da hanci suka fara ɓullowa, dorina bayan dorina, har ruwan ya zama kamar an jera tukwane. A kan yashin ƙetare kada na kwance baki buɗe. Babu wanda ya sake ambaton jirgi.

Jagoran ya yi mana bayani cewa dorina da rana take zama a ruwa, da dare ta fito kiwo. Tana iya nutsewa kamar minti biyar ba ta ɗago ba, nauyinta yana iya wuce tan guda da rabi, kuma hammar da ake gani tana yi gargaɗi ne. Wadda ta fi haɗari ita ce mai ɗa, da kuma wadda aka shiga tsakaninta da ruwa mai zurfi. Da rani, da kogi ya rage sai gurabe, babu inda jirgi zai kauce mata. Masuntan da ke zaune kusa da dorina, a Lagdo ko a tafkin Maga ko a nan Garwa, sun san gurbin kowane garke, sukan ƙwanƙwasa gefen jirgi don ta ɗago su ga inda take, su bi ta nesa. Yaranmu sun koyi cewa iya tuƙi ya haɗa da sanin ruwan da ba a shiga.

A wannan daji mun ga mariya da gwambaza da gwaggon biri sun sauko shan ruwa, mun ga sawun ɓauna a laka. Mun kuma ji abin da ke damun masu gadinsa: masu haƙar zinariya da ke tone gaɓar kogi, da shanun da ake kutsawa da su, da mafarauta. A dazuzzukan nan namu na arewacin Kamaru ne baƙar karkanda ta yammacin Afirka ta yi zamanta na ƙarshe a duniya. An neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. A farkon 2012 kuma mahara suka kashe ɗaruruwan giwaye a gandun Buba Njida. Garwa ce ke da makarantar horar da masu kula da namun daji da aka buɗe a 1970, wadda ɗalibai ke zuwa daga ƙasashen Afirka da dama, amma 'ya'yan garin da yawa ba su taɓa taka gandun da ke kusa da su ba. Abin da mutum bai taɓa gani ba, ba zai ji zafin rasa shi ba.

'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Kanada da Faransa suna ba mu labarin yadda iyalai a can ke ɗora ƙaramin jirgi a kan mota, su tafi tafki a ranar hutu, kowa da rigar kariyarsa. Mu ba mu bukatar sayen jirgi. Muna da abin da ya fi shi, wato mutanen da suka gaji ruwa, waɗanda ɗan abin da za mu biya su zai shiga tukunyar gidansu, musamman yanzu da kifi ya ja baya. Yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma da dama sun koma acaba ko jirgin inji. In ba a zauna da su an saurara ba, karatun fuskar ruwa zai tafi tare da su.

Ga mai sha'awar gwadawa, ga abin da muka ɗaure wa kanmu, ba mu kuma sassauta wa kowa. Muna neman matuƙin da mutanen mashigi suka shaida, in akwai sarkin ruwa ko shugaban masunta ta wurinsa muke bi. Mu ne muke ƙayyade yawan mutane, kuma kullum ƙasa da abin da mai jirgi ya ce zai iya ɗauka. Gara a ɗauki jirgi biyu a biya kuɗi biyu. Mun haɗa kuɗi mun sayi rigunan kariya, manya da ƙanana, muna ba juna aro, kuma wanda bai ɗaura tasa ba ba ya shiga, ko Alhaji ne. Kowane ƙaramin yaro yana da babba guda da aka damƙa masa shi da suna. Ba ma fita da damina ko in hadari ya haɗu, ba ma kaiwa la'asar a kan tafki, muna kuma gaya wa wani a tudu inda muka nufa da lokacin dawowarmu. Ruwan sha daga gida muke ɗauka. Ba ma barin yara su yi wanka a ruwan da ke kwance a gefen tafki, inda ciyawa da dodon koɗi suke, domin a nan ake ɗaukar tsargiya; wanda kuma ya ga jini a fitsarin ɗansa ya kai shi asibiti, akwai maganinta. Ledar da muka zo da ita da ita muke komawa. Mata da 'yan mata suna da jirginsu tare da muharramansu, domin su ma ruwan nan nasu ne, kuma su ne suka fi yawan zama fasinja a ranar biki. Ga labarin tsaro kuma, kafin a nufi daji ko wani wuri mai nisa, a tambayi hukuma da mutanen yankin halin da hanya ke ciki.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne koyon iyo. Mun fara neman wanda zai koya wa yara maza a wuri mai tsabta marar zurfi, muna kuma neman mace da za ta koya wa 'yan mata a keɓe. Duk gidan da ke da masaniya a kan haka, ko yake son a tafi da shi in sanyi ya shigo, ya yi wa dattawan unguwarsa magana, saƙo zai iso mu. Goggonmu ta riga ta ce a ajiye mata wurinta na tsakiya.

Allah Ya tsare mu da zuriyarmu a tudu da ruwa, Ya albarkaci masuntanmu da abin da suke kamawa.